HAIRUDDINI BASHA, BAWAN DA YA ZAMA WAZIRIN TUNIS

Duk wanda ya zauna gaban malami a ƙasar nan ya buɗe Risala ya ji sunan Ƙairawan, garin da mai littafin ya zauna. Wanda kuma ya taɓa sa jar dara ta ainihi, aikin mutanen Tunis ya ɗora a kansa, ko ya sani ko bai sani ba. Garuruwan nan biyu a ƙasa ɗaya suke, watau Tunisiya, wadda ke bakin Bahar Rum tsakanin Aljeriya da Libiya. Labarin wani Wazirin wannan ƙasa za mu bayar yau, sunansa Hairuddini Basha. Mun zaɓo shi musamman saboda akawuna da malaman makaranta, gama rayuwarsa duka a kan littafin haraji da takardar bashi da ɗakin karatu ta ƙare. Shekara huɗu bai cika ba a kan Wazirci, amma cikinsu ya nuna cewa ƙasar da bashi ya durƙusar tana iya miƙewa. Ya kuma gani da idonsa yadda aikin da aka rataya a kan yardar mutum ɗaya yake rushewa ran da yardar ta ƙare.

An haife shi wajen shekara ta 1820, ko bayanta kaɗan, a duwatsun Kaukasus da ke gabas da Baƙin Teku. Tun yana ƙarami aka raba shi da iyayensa, aka kai shi Istambul aka sayar. Da ya tsufa ya rubuta wa 'ya'yansa tarihin kansa, ya nuna a ciki cewa ban da sunan kabilarsa ba abin da ya riƙe na garinsu ko na danginsa. Wani babban malami mai suna Tahsin Bey, shugaban sharifai na Istambul, shi ya saye shi ya haɗa shi da ɗansa, suna wasa tare suna karatu tare. Ana nan sai ɗan ya rasu, uban ya sayar da yaron ga wani manzon Sarkin Tunis. Wajen 1840 ya sauka a fadar Bardo, kusa da birnin Tunis, yana saurayi.

Kada mai karatu ya zaci bawan gandu muke nufi. Sarakunan Tunis, waɗanda ake kira Bey, al'adarsu ce su sayo yara daga Kaukasus da ƙasar Girka, su rene su a fada, su koya musu karatu da hawan doki, su aura musu 'ya'yansu mata, su danƙa musu manyan sarautu. Irin waɗannan ake kira mamluki. Dalilin a fili yake: wanda ba shi da dangi a ƙasa ba shi da kowa sai Sarki. Wanda ya san matsayin Shamaki da Ɗan Rimi a fadar Kano ta dā ba zai yi mamakin wannan ba. Sai dai hannun da ya ɗaga mamluki shi ne kuma yake sauke shi, ba gaban wanda zai kai ƙara.

Sarkin da ya saye shi, Ahmadu Bey, ya yi mulki daga 1837 zuwa 1855, mutum ne mai dogon buri. Faransa ta kama birnin Aljiyas a 1830, Turkawa kuma suka karɓe mulkin Tarabulus da hannunsu a 1835, ya zamana ƙasarsa na tsakanin ƙarfafa biyu. Saboda haka ya kafa soja irin na Turawa, ya buɗe makarantar horon hafsoshi a Bardo a 1840. Shi ne kuma ya rufe kasuwar bayi ta Tunis a 1841, ya hana bauta a 1846. Da yawa daga cikin waɗanda aka 'yanta daga Barno da ƙasar Hausa aka ƙetara da su hamada, har farkon ƙarni na 20 akwai zuriyarsu a Tunis masu jin Hausa. A wannan fada Hairuddini ya ƙara Larabci da ilmin addini, ya fara koyon Faransanci, ya yi ta hawa cikin sojan doki har ya zama Janar. A 1846 yana cikin ayarin da ya raka Sarki zuwa Faris.

Buri kuwa kuɗi yake ci. A zamanin nan ba ma'aikacin albashi ke karɓar haraji a Tunis ba. Sayar da karɓar ake yi ga wanda ya fi tayi, shi kuma ya je ya tatso abin da ya biya har da ribarsa daga jikin talakawa. Wani attajiri, Mahmudu bin Ayyad, ya tattara yawancin irin wannan ciniki a hannunsa, har da ciyar da soja da riƙon bankin Gwamnati. A 1852 ya kwashe dukiya mai ɗimbin yawa ya gudu Faransa, ya zama ɗan ƙasar, sa'an nan ya juyo ya ce shi ke bin Gwamnatin Tunis bashi. Ɓarawo da sallama ke nan. Aka tashi Hairuddini a 1853 ya je ya tsaya wa ƙasarsa cikin shari'ar. Ya yi wajen shekara huɗu a Faris yana tonon lissafi, har Sarkin Faransa, Napoliyon na Uku, ya raba gardamar, aka sami maido da wani abu daga cikin dukiyar. Cikin wannan zama Ahmadu Bey ya umarce shi ya ciwo wa ƙasa bashi. Ya duba sharuɗɗan masu banki ya ga halaka ce, sai ya yi ta jan ƙafa har Sarki ya rasu ba a sa hannu ba. A Faris ɗin nan ya koyi abin da makarantar soja ba ta koya masa ba, watau yadda banki yake aiki, da yadda majalisa take tuhumar minista, da yadda takarda ɗaya da aka sa wa hannu cikin gaggawa take ɗaure jikoki.

Majalisar Da Ba Ta Daɗe Ba

Ya komo a 1857 aka ba shi Ministan Sojan Ruwa. A shekarar nan aka kashe wani Bayahude mai tuƙa amalanke a kan tuhumar zagin addini, jakadun Ingila da Faransa suka tsaya a kan sabon Sarki, Muhammadu Bey, sai da ya fitar da wata doka mai suna Ahdul Amani cikin watan Satumba. Dokar ta yi alkawarin tsare ran kowa da dukiyarsa da mutuncinsa, Musulmi da wanda ba Musulmi ba, ta kuma ba baƙi izinin mallakar ƙasa da yin kowace sana'a. Wanda ya tsara kalmominta magatakardan fada ne, Ahmadu bin Abi Diyaf, wanda daga baya ya rubuta tarihin sarakunan Tunis. Da sarauta ta koma hannun Muhammadu Sadiƙu Bey a 1859, aka ci gaba har aka kafa rubutaccen tsarin mulki a 1861, irinsa na farko a ƙasashen Larabawa. Aka kafa Babbar Majalisa mai mutum 60, aka ce ba za a ƙara haraji ba sai da yardarta. Hairuddini ya zama shugabanta.

Bai daɗe ba ya gane abin da ake so da Majalisar. Babban Waziri a lokacin shi ne Mustafa Haznadar, ma'anar laƙabin kuwa Ma'aji. Shi ma mamluki ne, daga tsibirin Kiyos na Girka aka kamo shi yana yaro, tun 1837 Baitulmali yake hannunsa. Surukin Hairuddini ne kuma, gama 'yarsa yake aure. Haznadar da Sarki suna son Majalisa ta riƙa buga hatimi a kan abin da suka riga suka shirya, Hairuddini kuwa yana son ta tambayi inda kuɗi suka tafi. A 1862 ya ajiye shugabancin Majalisa, ya ajiye aikin Minista, ya koma gida. A fadar da ba a saba barin aiki ba sai da kora ko mutuwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne, balle ga mutumin da duk abin da ya mallaka kyautar Sarki ce.

Abin da ya guje wa a Faris shi aka yi bayan fitarsa. A 1863 Haznadar ya ciwo bashin faran miliyan 35 ta hannun bankin Erlanger na Faris. Faran shi ne kuɗin Faransa na zamanin. Da masu banki suka cire ladansu, dillalai suka cire nasu, manyan fada suka ɗebi rabonsu, ɗan kaɗan ne ya isa Baitulmali, amma ruwan bashin a kan dukan kuɗin ake lissafa shi. To, ina za a samo na biya? Akwai harajin kai da ake kira majba, riyal 36 a kan kowane baligi, wanda aka ɗauke wa manyan birane biyar. A ƙarshen 1863 aka ninka shi ya zama riyal 72, aka ce kowa zai biya. Kafin rani ya shigo a 1864 kabilun yamma sun tashi a ƙarƙashin wani malami, Ali bin Gazahum, garuruwan bakin teku masu gonakin zaitun suka bi su. Talakawa suka haɗa sabon haraji da sababbin kotuna da sabon tsarin mulki suka ƙi su gaba ɗaya, don a wurinsu tare suka zo, daga hannu ɗaya. Sarki ya dakatar da tsarin mulki, ya janye ninkin, ya raba kan 'yan tawaye da kyauta da alkawari, sa'an nan ya aika Janar Ahmadu Zarruk ya yi wa garuruwan bakin teku tarar da ta fi harajin muni. Ali bin Gazahum a kurkuku ya mutu a 1867.

A shekarar tawayen ne kuma babban mai karɓar kuɗin Gwamnati, Nasim Shamama, ya tafi Turai da dukiyarsa bai komo ba. A 1865 aka sake cin wani bashin, aka biya wani sashi nasa da jirgin ruwa da igwa waɗanda ba su amfani kowa ba. Fari ya biyo baya, yunwa da annobar amai da gudawa suka faɗa wa ƙasa a 1867. Gwamnati ta kasa biyan ruwan bashi.

Littafinsa

Cikin shekarun nan Hairuddini ba ya riƙe da sarauta, sai dai akan aike shi jakadanci ƙasashen Turai da Istambul. Ko'ina ya je yana tambaya yana rubutawa. A 1867 maɗaba'ar Gwamnati ta fara buga littafinsa mai suna Aƙwamul Masalik fi Ma'arifati Ahwalil Mamalik, watau hanya mafi miƙewa ta sanin halin ƙasashe. Wasu malamai sun taimake shi wajen tsara shi, cikinsu har da Shaihu Salim Bu Hajib na masallacin Zaituna. Mafi yawan littafin bayanin ƙasashen Turai ne ɗaya bayan ɗaya, da majalisunsu da sojansu da kuɗin shigarsu. Amma muƙaddimarsa ita ce ta yi suna, har aka fassara ta da Faransanci a 1868.

Mutane iri biyu ya nufa da ita, malamai da masu mulki. Ga malamai ya kawo hujja cewa Shari'a ba ta hana ɗaukar abu mai amfani daga wanda ba Musulmi ba, ya kafa misali da ramin da aka haƙa a yaƙin Handaƙ bisa shawarar Salmanul Farisi, dabarar da Larabawa ba su san ta ba sai daga Farisa. Ya yi wa masu ƙin gyara ba'a mai zafi, cewa ga su sanye da tufafin Turawa, ɗakunansu cike da kayan Turawa, ƙasarsu na sayar da ulu da auduga da araha ta sayo su saƙaƙƙu da tsada, amma da an ambaci tsarin da ya ba Turawa wannan ƙarfi sai su ce bidi'a ce. Ga masu mulki kuma ya bi sawun Ibn Haldun, wanda shi ma haifaffen Tunis ne, ya nuna cewa manomin da bai amince amfanin gonarsa zai zauna a hannunsa ba ba zai ƙara kunya ɗaya ba, attajiri kuma zai binne kuɗinsa. Arzikin Turai a ganinsa daga adalci da amincin dukiya ya tsiro, ƙasarsu ba ta fi ta kowa albarka ba. Ya ce sarakuna iri iri ne, akwai mai iyawa mai son alheri, akwai mai iyawa da son zuciya ya rinjaya, akwai rarrauna, kuma tun da ba wanda ya san irin wanda gado zai kawo gobe, tilas a ɗaure mulki da doka da shawarar masu warwarewa da ƙullawa, ministoci kuma su zama abin tuhuma. A ganinmu nan ne zuciyar littafin, nan ne kuma inda rayuwa ta fi gwada marubucinsa.

A 1869 Faransa da Ingila da Italiya suka tilasta wa Sarki kafa Hukumar Kuɗi ta haɗin gwiwa, wadda za ta karɓi wani sashi na harajin ƙasa ta biya masu bin bashi. Aka rasa wanda kowa zai amince da shi ya shugabance ta sai Hairuddini. Mataimakinsa wani Bafaranshe ne mai binciken lissafi, Victor Villet. Suka tattara takardun bashi suka tace, suka mai da abin da ake bi daga wajen faran miliyan 160 zuwa miliyan 125, da ruwa biyar bisa ɗari. Akawu ya lissafa da kansa: miliyan 6 da kwata ke nan kowace shekara, wajen rabin abin da ƙasar ke samu, tun ba a taɓa uwar kuɗin ba. Hukuma ce ta wulakanci, gama ƙasar da baƙi ke riƙe da makullin Baitulmalinta ba ta cika mai mulkin kanta ba. Hairuddini ya karɓe ta a kan cewa kowane biya da aka yi a kan kari hujja ɗaya ce aka ƙwace daga hannun mai neman dalilin shigowa da soja. Don ya ƙara wa ƙasar garkuwa ya je Istambul a 1871, ya samo takardar Sultan mai tabbatar da cewa Tunis na cikin Daular Turkawa, sarauta kuma ta gidan Bey ce.

Binciken Villet ya kai ga wasu takardun bashi da suka ɓace daga hannun Gwamnati, aka bi sawunsu har gidan Haznadar. A watan Oktoba na 1873 Sarki ya tuɓe shi bayan shekara 36, aka karɓe dukiya mai yawa daga hannunsa, aka naɗa surukinsa a gurbinsa.

Shekara Huɗu Ba Kaɗan

Da talaka ya fara. Ya yafe bashin haraji na shekarun yunwa, wanda ko ba a yafe ba ba mai iya biya, amma yana hana mutane komawa gonakinsu. Ya rage wasu haraji, ya ce duk wanda ya dasa sabon zaitun ko dabino ba za a karɓi kome a kansu ba har shekara 20. Wannan dabara ce ta wanda ya san itace, gama zaitun yana daɗewa kafin ya ba da amfani, ba mai dasa shi sai wanda ya amince da gobe. Ya sa ido a kan hakiman ƙasa, waɗanda ake kira ka'idai, ya tuɓe azzalumai daga cikinsu. Ya sa aka ajiye akwatin ƙara wanda kowa ke iya jefa takarda a ciki, makullin kuwa yana hannunsa. Allah ya kawo damuna mai kyau a shekarun farko, gonakin da aka bari suka koma noma, aka riƙa biyan ruwan bashi a kan lokaci ba tare da an ci sabo ba.

A 1874 ya kafa hukumar kula da hubusi, watau dukiyar waƙafi ta masallatai da makarantu da sauran ayyukan alheri, wadda masu riƙo suka daɗe suna ci kamar gadonsu. Ya ɗora wani malami, Muhammadu Bairam na Biyar, a kanta, aka rubuta kowace gona da kowane kanti a littafi. Ya tsara karatun Zaituna, aka ƙayyade littattafai da darussa da zuwan malamai. Ya gyara ɗakin ajiye littattafai na masallacin ya buɗe wa masu karatu.

Babban aikinsa shi ne Makarantar Sadiƙiyya, wadda ya buɗe a 1875 ya sa mata sunan Sarki. Ta fara da yara wajen 150, ba a biyan ko anini. Ana koya musu Alƙur'ani da Larabci da fiƙihu, sa'an nan lissafi da ilmin kimiyya da Turkanci da Faransanci da Italiyanci. Nufinsa ƙasa ta sami akawuna da tafintoci da hakimai nata na kanta, waɗanda za su iya karanta takardar banki kafin a sa mata hannu, ba su kuwa jahilci addininsu ba. Malaman makaranta su lura da yadda ya ciyar da ita. Bai rataya ta a kan kasafin kuɗin kowace shekara ba, inda wani Waziri zai iya soke ta da alƙalami. Dukiyar da aka karɓe daga Haznadar ya mayar hubusi ya tsayar mata, gonaki da gidaje da kantuna, don ta ci daga nata.

Ba za mu ɓoye inda aka zarge shi ba. Dokar da ya yi a kan 'yan humusi, watau manoman da ke noma gonar wani a ba su kashi ɗaya cikin biyar, ta ɗaure su ga mai gona muddin yana bin su bashi, bashin kuwa ba ya ƙarewa. Mai gona ta yi wa daɗi. Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Mutumin da ya rubuta littafi guda a kan ɗaure mulki da doka da majalisa, da mulki ya zo hannunsa bai maido da tsarin 1861 ba. Abokansa sun yi masa magana. Amsar da ya bayar daga baya ita ce irin wannan tsari ba ya tsayawa sai da ɗayan biyu, ko Sarki mai son sa da gaske, ko jama'a da ta fahimce shi har za ta tsare shi, shi kuwa bai ga ko ɗaya ba a Tunis ta lokacin. Wanda ya tuna da 1864 ba zai ce ƙarya ya yi ba. Duk da haka sakamakon shi ne gyaran nan duka ya rataya a wuyan mutum ɗaya, shi kuma ya rataya a kan fuskar da Sarki ya tashi da ita.

Maƙiya kuwa ba su yi kaɗan ba. Akwai mutanen Haznadar, akwai duk wanda aka toshe wa hanyar ci. Akwai wani saurayi, Mustafa bin Isma'ila, ɗan lelen Sarki, wanda ba ya son a ƙayyade wa fada abin kashewa. Jakadun Turawa kuma kowa na jan nasa. Hairuddini ya yi ƙoƙarin raba musu daidai don kada ɗaya ya rinjaya. A 1876 ya ba wani kamfanin Faransa aikin hanyar jirgin ƙasa daga Tunis zuwa yamma, bayan kamfanin Ingila ya kasa, amma ya ƙi yarda a haɗa ta da ta Aljeriya, don ya san jirgin da ke ɗauko alkama yana iya ɗauko soja. Jakadan Ingila, Richard Wood, ya ƙullace shi a kan bayarwar, na Faransa, Roustan, ya ƙullace shi a kan hanin. Da yaƙi ya tashi tsakanin Rasha da Turkawa a 1877 ya so a taimaki Sultan, Faransa ba ta so. A watan Yuli na 1877 Sarki ya sallame shi. Ba majalisar da za ta tambayi dalili. Shekara ɗaya bayan haka Mustafa bin Isma'ila ya zama Babban Waziri, hannunsa kuma ya kai har cikin hubusin Sadiƙiyya.

Sultan Abdulhamid na Biyu ya san littafinsa, ya kira shi Istambul a 1878. Ran 4 ga Disamba na shekarar ya naɗa shi Babban Wazirin Daular Turkawa duka, a birnin da aka taɓa sayar da shi. A zamanin Wazircinsa ne Sultan ya tuɓe Isma'ila Basha na Masar, wani wanda bashin Turawa ya ci, cikin watan Yuni na 1879. Wannan karon Hairuddini bai yi shiru a kan abin da ya rubuta ba. Ya nemi a ƙayyade ikon ministoci a rubuce, fada ta daina tsallake su tana ba da umarni. Sultan, wanda ya rufe majalisar ƙasarsa tun farkon 1878, bai yarda ba. A ƙarshen Yuli na 1879 ya sauka, wata takwas bai cika ba.

Saura magana ɗaya mai ɗaci. Sarkin Tunis ya taɓa ba shi wata ƙasa mai faɗi ƙwarai da ake kira Enfida, tsakanin Tunis da Susa, ladan aikinsa. Da ya ga ba zai komo ba, yana kuma tsoron maƙiyansa su ƙwace ta, sai ya sayar wa wani kamfanin Faransa na birnin Marsai a 1880. Fada ta so ta ɓata cinikin. Wani mai gona a maƙwabta, Yusufu Levy, wanda ke ƙarƙashin tutar Ingila, ya tashi ya ce yana da hakkin shufa'a. Almajiran fiƙihu sun san a mazhabar Maliki abokin tarayya ne kaɗai ke da shufa'a, a ta Hanafi kuwa har maƙwabci, Tunis kuma tana da alƙalan mazhabobin biyu. Hairuddini ya riga ya yi dabarar da Hanafawa suka sani, ya bar wa kansa siririn yanki kewaye da gonar don kada iyakar kowa ta taɓa abin da aka sayar. Rigimar ta kai har majalisun Landan da Faris, ta ƙara wa masu son kama Tunis abin faɗa. Tun a taron Balin na 1878 Ingila da Jamus sun nuna wa Faransa ba za su hana ta ba. A watan Afrilu na 1881 sojan Faransa suka ƙetaro daga Aljeriya da hujjar horon wata kabilar kan iyaka, ran 12 ga Mayu Muhammadu Sadiƙu Bey ya sa hannu a kan yarjejeniyar Bardo, ƙasa ta shiga hannun Faransa. Mutumin da ya ƙi haɗa hanyar jirgi, gonarsa ce ta zama ɗaya daga cikin manyan mallakar Faransawa a ƙasar.

Ya zauna Istambul sauran kwanakinsa, yana rubuta wa Sultan shawarwari, yana kuma rubuta tarihin kansa yana kare abin da ya yi. Ya rasu ran 30 ga Janairu, 1890, aka binne shi a unguwar Ayyub.

Sadiƙiyya ba ta rufe ba. Faransawa suka karɓi ragamarta suka ƙarfafa harshensu a ciki, don su sami tafintoci da ƙananan ma'aikata. Daga cikin ɗalibanta aka sami Bashir Safar da Ali Bash Hamba, shugabannin ƙungiyar Samarin Tunis wadda ta fara neman hakkin 'yan ƙasa a farkon ƙarni na 20. Daga cikinta kuma Habib Burgiba ya fito, wanda ya karɓi mulkin kai daga Faransa a 1956. A 1968, Burgiba na shugaban ƙasa, Gwamnatin Tunisiya ta ɗauko ƙasusuwan Hairuddini daga Istambul ta binne su a maƙabartar Jallaz da ke birnin Tunis.